Yawun Kawu Tsartau

A gidanmu ni ce mai riƙe da littafin dangi. Tun ina aji uku na sakandare Umma ta damƙa mini shi, wani babban littafi mai baƙin bango, ta ce tunda Allah ya ba ni son rubutu, in riƙa sa kowa a ciki kafin a manta da shi. Na rubuta kakanninmu, na rubuta goggonnina, har waɗanda ban taɓa gani ba na rubuta su daga bakin waɗanda suka gan su. Shafin Kawu ne kaɗai na yi ta tsallakewa. Ba wai ban san shi ba ne, na san shi fiye da kowa a cikinsu. Abin da ke hana ni, duk sanda na ɗauki biro zan fara sai in ji zuciyata tana tashi.

Kawu ƙanin Umma ne, ciki ɗaya. A wurin aiki Tsartau ake ce masa, sunan ya biyo shi har gida, har 'ya'yansa in an tambaye su sunan babansu sai sun ɗan yi tunani. Dalilin sunan ba ɓoyayye ba ne: Kawu yana tsartar da yawu a kan leda. Ba ya tofarwa a ƙasa, ba ya tofarwa a bango. Mutum ne mai tsabta ta kowace fuska, rigarsa a goge, farcensa a yanke. Amma ko wace irin leda ko roba ta shigo gabansa, sai ya murza ta da yatsu, ya karkata ta wajen haske, ya matse leɓe, tsirt! ta tsakanin haƙoransa na gaba. Sannan ya zuba wa ɗigon ido kamar mai duba jariri.

Na tuna ranar da Umma ta sayo sabon labulen banɗaki mai furanni. Ko ratayawa ba ta yi ba Kawu ya shigo.

"Kai, ɗan nan, Allah ya shirye ka! Sabo ne fa!"

"Yaya, an cuce ki. Dubi yadda ya dunƙule, ko motsi bai yi ba. Furannin nan sati biyu za su fara gogewa."

"To ina ruwanka? A fuskarka za su goge?"

Sati biyu bai cika ba furannin suka fara bin hannu. Wannan ya fi tsartuwar ɓata wa Umma rai.

Ni kuwa tawa ta same ni ranar da na karɓo takardar gama makaranta. Na kai an rufe mini ita da leda mai kauri, na zo ina nuna wa kowa. Kawu ya karɓa, na ɗauka makin zai duba. Sau uku na wanke takardar nan da sabulu, kuma har yau ta gefe nake riƙe ta.

Kawu bai wuce firamare ba. Yana saurayi ya shiga masana'antar leda a matsayin mai tura kaya, yana gangara manyan naɗin leda daga wannan inji zuwa wancan. Wata rana mai kula da injin wuta ya kwanta rashin lafiya aka ce ya tsaya a wurin na kwana biyu. Shekara ashirin da uku ya yi a tsaye.

Sai na bayyana injin, don in ba a san shi ba ba za a gane Kawu ba. Leda in ta fito daga inda ake narka ta, fuskarta sulɓi gare ta. Tawada ba ta kama ta, gam ba ya kama ta, ruwa in ya sauka a kai sai ya dunƙule ya gangare. Saboda haka kafin a buga mata rubutu ko hoto, sai an bi da ita ta kan wata gangar ƙarfe mai rigar roba, a ƙarƙashin wasu sanduna masu ɗauke da lantarki mai ƙarfi. Tsakanin sandunan da ledar bai fi kaurin tsinken ashana ba. Iskar da ke ɗan tsakanin nan ita ce take kamawa, ta koma wata wuta shuɗiya mai ratsin jaja-jaja, tana ƙugi kamar an tono gidan zuma. Ba ta narka ledar, lasar ta kawai take yi. Amma duk inda ta lasa, in aka ɗiga ruwa sai ya baje ya kwanta, tawada kuma ta kama gam.

Fuska ɗaya ake lasa, wadda za a yi wa rubutu. Ɗaya fuskar, ta ciki, dole a bar ta da sulɓinta, don ita ake liƙewa da zafi in za a rufe bakin jaka. In wuta ta taɓa ta, liƙin ba ya riƙewa.

Da ido ba a bambanta ledar da wuta ta lasa da wadda ba ta lasa ba. Nan yawun Kawu ya shigo. In ya baje, wuta ta yi aikinta. In ya dunƙule, ba ta yi ba. In ya baje da sauri har ya yi gefe-gefe, wuta ta yi yawa. Kuma bai ɗauki abin da wasa ba. Ranar aiki ba ya cin abu mai maiƙo da safe, shayinsa ba madara, kuma, Allah ya gafarta mini faɗa, ba ya sa man goge baki sai ya taso, wai kumfar tana sa yawu ya yi ƙarya. Buroshi da ruwa kawai. Matarsa takan ce, "Ni dai ba miji na aura ba, ma'auni na aura. Ma'aunin ma mai wari."

Warin kuwa biyu ne. Akwai na bakin, akwai na injin, wani wari mai kaifi kamar na ruwan bilicin wanki, mai shiga maƙogwaro ya ƙi fita. Ya kama rigunansa, ya kashe masa hanci, ya bar shi da wani busasshen tari da muke gane zuwansa da shi tun daga bakin ƙofa.

Da na gama makaranta na yi shekara guda a gida, Kawu ne ya yi mini magana aka ɗauke ni a ɗakin gwaji na masana'antar. Aikina in sauka ƙasa in yanko ɗan yanki daga kowane naɗi, in kawo sama, in taya gwadawa, sannan in koma in rataya wa naɗin kati: kore in ya yi, ja in bai yi ba. Shugabata Injiniya ce, wata gajeriyar mata mai tabarau wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ita ta fara nuna mini cewa abin da nake ƙyama tun ina yarinya yana da ilimi a bayansa.

Tana da wata na'ura mai sirinji da ke sauke ɗigon ruwa ɗaya tak a kan leda, kyamara ta ɗauke shi ta gefe, kwamfuta ta auna ko a tsaye yake ko a kwance. Tana da alƙaluma masu lamba, a ja layi a kan ledar a ga ko ruwan ya zauna ko ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo. Tana kuma da wasu hotuna uku da ta manna a bango, waɗanda aka ɗauka da babban madubin ƙara girma tun tana karatu. Na farko leda ce kafin wuta, sumul kamar gilashin taga. Na biyu bayan wuta, duk ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka gama huɗa. Na uku wadda wuta ta yi wa yawa, ta yi ɓurɓushi kamar gindin tukunyar da ta ƙone.

"Wutar nan sunanta filasma," in ji ta. "Iska ce kawai da lantarki ya tsattsaga. Abu biyu take yi a lokaci guda. Tana sassaƙa fuskar ledar, tana kuma shafa mata wani abu daga cikin iskar, wanda ruwa da tawada suke so. Duka-duka zurfinsa bai kai ki tsaga gashin kanki gida dubu ki ɗauki ɗaya ba. A kan ɗan wannan abin muke cin abinci, ni da ke da kawunki."

"To shi yawun fa, Injiniya?"

Ta ɗan yamutsa fuska. "Ɗigo ne shi ma. Ƙazamin ɗigo."

Ta ba ni labarin yadda ta taɓa gwada shi farkon zuwanta. Ta yanka leda guda goma ba alama, ta ce ya jera mata su daga mai ƙarancin wuta zuwa mai yawa. Tara ya jera daidai. Ta goman kuwa har ranar yana musu, wai na'urar ce ta yi kuskure. Kuma ga abin da ba a iya musantawa: daga in yanko yanki zuwa in dawo da kati, rabin awa ne. Injin kuwa cikin minti ɗaya yana haɗiye leda mai tsawon filin ƙwallo. Yawun Kawu yana ba da amsa kafin a sauke numfashi.

Sai na fara sassautowa. Ban daina kau da kai ba in ya matse leɓe, amma na daina jin kunyar a ce kawuna ne. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, kullum akwai reza a rataye a ƙugunsa, kuma duk sanda na gan shi yana tsartuwa, a kan yankin da ya riga ya yanke ne, ya jefa a kwandon shara. Na ɗauka haka yake yi koyaushe. Injiniya ma haka ta ɗauka.

Shekarata ta biyu masana'antar ta samu babban aiki: ledar naɗe burodi ta wani kamfani mai gidajen gashi da yawa. Da can jakunkunan sabulu da na shara da na cefane muke yi. Yanzu abin da za a ci ne zai kwanta a jikin ledar kai tsaye. Aka wanke ko'ina, aka raba huluna da takunkumin fuska da safar hannu. Manaja ya tara mu a tsakiyar ɗakin injina, ya hau kan wani akwati.

"Daga yau, duk wanda ya tofa ko ya tsarta a cikin ginin nan, ko da a ƙasa ne, ya ɗauki jakarsa. Ba gargaɗi, ba roƙo. Ko ɗan'uwana ne."

Bai ambaci suna ba, amma duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Wani daga baya ya ce, "Tsartau, an yi maka ritayar baki!" Aka kwashe da dariya. Injiniya ta miƙa wa Kawu wata 'yar kwalbar roba mai tsinin baki, cike da tataccen ruwa. Ya juya ta a hannu kamar an ba shi abin wasan yara.

"Yallaɓai, ruwan nan ba shi da nauyi. Yana sauka yana gudu. Nawa inda na sa shi nan yake tsayawa."

"Naka ya tsaya a bakinka," in ji Manaja.

Sati biyu Kawu ya yi yana ɗiga ruwan kwalba yana tsaki. Har man goge baki ya koma sawa da safe, matarsa ta zo gidanmu tana cewa a taya ta murna. Ban san ya sake dainawa ba.

Ranar Talatar sati na uku, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na sauko da almakashina zan jira naɗi na sha bakwai ya cika. Na tarar da Kawu ya karkata kai yana sauraro.

"Sakatariya, kin ji?" Haka yake kira na saboda littafin dangi.

"Me zan ji, Kawu? Ƙugi ne irin na kullum."

"Kunnenki na ado ne. Akwai wata 'yar ƙara a ƙarƙashi. Wuta tana zagayawa ta bayan leda, gefen hagu. Rigar gangar nan ta cinye, tun bara nake faɗa."

Ya rage gudun injin har ledar tana tafiya kamar hawainiya. Ya zagaya ta baya, wajen da fuskar ciki take buɗe, na bi shi. Babu kowa a wurin sai mu biyu. Kwalbar ruwan tana aljihun gabansa, ina ganin bakinta ya leƙo. Bai ko taɓa ta ba. Ya ja takunkumin ƙasa. Tsirt a gefen hagu. Tsirt a tsakiya.

Na gefen ya baje nan take. Na tsakiyan ya dunƙule, fari, da 'yar kumfarsa, yana tafiya a hankali a kan fuskar da burodi zai kwanta.

"Kin gani? Yatsu huɗu daga gefe, wuta ta ci. Tsakiya lafiya lau."

Ina jira ya zaro reza. Sai na ga ya sa bayan safar hannunsa ya shafe na farko, ya shafe na biyu, ya goge safar a cinyar wandonsa, ya mai da takunkumi, ya danna maɓalli. Injin ya ɗauki gudu. Damshin nan biyu suka shige cikin naɗin, leda ta yi ta hawa a kansu.

Na sha gabansa.

"Kawu, ba ka yanke ba."

"In yanke me? In tsinka naɗi saura ƙiris ya cika? In ya cika a tsaya a gyara ganga, gefen kuma a datse shi. Shi ke nan."

"Na tsakiyan fa?"

"Na goge."

"Da ma haka kake yi?"

Ya dube ni ta saman takunkumin, da mamaki na gaske a idonsa. "In leda tana kan inji, haka kowa yake yi tun kafin a haife ki. Shekara ashirin da uku, wa ya mutu?"

Na tsaya ina tuna duk jakunkunan cefanen da yake kawo mana kyauta daga wurin aiki, waɗanda Umma take zuba gari da shinkafa a ciki, waɗanda nake ƙulla abincin makaranta da su. Na fita da sauri na shiga banɗaki na kurkure bakina, kamar ni na yi.

Gwaji ya nuna abin da ya faɗa. Injiniya ta ja layukanta a fuskar ciki, ta auna, ta ce gefen hagu wuta ta taɓa shi, faɗin yatsu huɗu. Ta yaba wa kunnen Kawu. Ta ce da yamma a datse gefen, sauran naɗin kuma gobe da safe ya tafi wajen buga rubutu. Ta miƙo mini koren kati ta ce in rataya in an gama datsewa. Na karɓa na sa a aljihu.

Lissafin a fili yake. In na yi shiru, yawun tsakiya zai tafi cikin ledar burodin wani. Ba a iya nemo wurin, don an shafe shi, kuma ba a warware naɗi sai da izinin Manaja da dalili. In na faɗi dalilin, Kawu ya ɗauki jakarsa.

Da na koma gida na gaya wa Umma. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Yawu ne fa, ba guba ba."

"Umma, in an ba ki burodin za ki ci?"

Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar.

"Shi ya sama miki aikin nan. 'Ya'yansa huɗu, babbar ko sakandare ba ta gama ba. Ki ce musu kin ga ƙuda ya mutu a ciki, ko mai ya ɗiga daga sama. A zubar da ledar, a bar mini ɗan'uwana."

Wallahi na so shawarar. Na yi ta juya ta a raina har na tsara yadda zan faɗa. Amma ƙuda na naɗi ɗaya ne, Kawu kuwa na kullum ne. Sai na ɗauki mayafina na tafi gidansa tun rana ba ta faɗi ba. Na same shi a ƙofar ɗaki yana wanke safar ƙafarsa a bokiti.

"Kawu, alfarma na zo nema. Ka yi mini alƙawari ba za ka ƙara ba, ni kuma in san yadda zan yi da naɗin nan ba tare da sunanka ya fito ba."

"Zauna mana, Sakatariya. Kin zo kamar mai sammaci."

"A tsaye ma ya isa."

Ya matse safar, ya shanya a bakin bokitin. "Burodi da zafinsa ake sa shi a leda. Zafi yana kashe komai."

"Sai ya huce ake sawa. Injiniya ta gaya mana."

"To." Ya yi tarinsa. "Ke 'yar Yaya ce, ba zan yi miki alƙawarin ƙarya ba. In na ji ƙarar nan a kunnena, bakina ba ya shawara da ni. Kwalbar nan in na ɗiga, ina ganin ruwa ne kawai, ba na ganin komai. Gobe in ta sake yi, zan sake yi."

"Ko an ce korar ka za a yi?"

"Wa zai faɗa? Mu biyu ne a wurin."

Ya faɗi haka yana murmushi, hankalinsa kwance, yana kallona kamar ranar da ya kai ni makaranta a kan kekensa. Wannan murmushin ya fi yawun ba ni ƙyama, don ya riga ya sa ni a cikin abin, ya shafe, ya naɗe. Matarsa ta leƙo ta ce in tsaya in ci abinci. Na ce na ƙoshi.

Washegari na riga kowa zuwa. An datse gefen, naɗi na sha bakwai yana tsaye a kan katako yana sheƙi, ba abin da ido zai gani. Na rataya masa jan kati na hau sama. Injiniya ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Na ɗauka yana yankewa," ta ce a hankali. "Shekara shida ina ɗauka yana yankewa." Sannan ta dube ni. "Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Muka shiga ofishin Manaja tare. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa kuma ya gani?" Na ce ni kaɗai. Ya kaɗa biro a kan tebur, ya dubi silin, ya ce ai naɗin babba ne, wurin kuma bai fi tafin hannu ba, ko akwai yadda za a yi? Injiniya ta ce ita dai ba za ta sa hannu ba, in yana so ya sa nasa. Sai a lokacin ƙyama ta zo masa. Ya zaro hankici ya toshe baki, ya ce wannan wace irin ƙazanta ce, a kira masa mutumin nan yanzu. Shi da na sha gani da idona yana yafito Kawu in an kawo samfurin ledar wani kamfani, yana cewa, "Tsartau, ɗan taɓa mana wannan mu gani." Na dubi hankicin nan na ji kamar in fizge shi.

Kawu ya shigo da hularsa da takunkuminsa. Ya gan ni a tsaye, ya gane. Bai musa ba, bai roƙa ba. Manaja ya yi ta faɗa yana maimaita dokar da ya kafa a kan akwati. Da ya gama, Kawu ya cire safar hannu ya ninke su, ya zaro kwalbar ruwan daga aljihu, kusan a cike, ya ajiye a kan tebur.

"A canja rigar gangar nan, Yallaɓai. In ba haka ba wanda zai zo bayana zai sha wuya."

Aka gangara naɗi na sha bakwai zuwa injin niƙa, inda ake mai da lalatacciyar leda ƙwayoyi a yi bokitai da ita. Ni kuma na bi Kawu har bakin ƙofar masana'anta. Na miƙa hannu zan karɓi jakarsa, ya mai da ita ɗaya kafaɗar. Mai gadi ya buɗe masa, yana ta sunkuyar da kai. Har Kawu ya sa ƙafa waje sai ya juyo.

"Gefen nan, nawa ya fita a na'urarku?"

"Yatsu huɗu, Kawu."

"Huɗu na ce."

Ya tafi yana tari.

Yau wata takwas ke nan. Wanda aka sa a kan injin yana jiran katina rabin awa, in wani abu ya lalace sai an tara tulin leda kafin a sani, Manaja yana zagaya tulin yana huci. Kawu ya samu aiki a wani shago da ake yanka tamfol ana ɗinkawa, abin da yake samu bai kai rabin na da ba, babbar 'yarsa ta koma makarantar da ta fi kusa da gida. Umma ta yi wata biyu tana ajiye mini abinci ba ta ce mini ga shi ba. Yanzu tana magana, amma in zancen ya zo kusa da masana'anta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kawu yana zuwa gidanmu kamar da, yana gaida kowa da sunan da ya saba kiransa. In ya zo kaina sai ya ce, "Sannu, ma'aikaciya," ya wuce. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba, kuma in aka mai da ni safiyar Larabar nan jan katin zan sake ratayawa.